Ranar da Arɗo ya ce kada in fassara

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya, amma akwai wani yini a falona na Birnin Gwari da zai bi ni har kabari.

Da ƙuruciyata na yi aikin jirgin ruwa, na zauna ƙasar Girka shekaru. A gidan silima na koyi yarensu, wajen kallon tsofaffin finafinansu na barkwanci, masu baƙi da fari. Na kalli na Indiya, na kalli na Masar, amma na Girkawa daban suke. Kowa yana ciki: mai shago, 'yar aiki, ɗan sanda, baƙauye, attajirin da ya yi kuɗi jiya. A na Indiya, talakan da ya burge ka sau da yawa ɗan masu kuɗi ne da ya ɓata. A na Girkawa kuwa talaka talaka ne har ƙarshe, kuma a bakinsa ake sa magana mafi nauyi.

Bayan na dawo gida, wata ranar kasuwa da azahar, na kunna wa baƙina ɗaya daga ciki, ina fassara musu. Alhazai biyu ne 'yan kasuwar hatsi, da wani tsohon ma'aikaci. Muna cikin dariya sai ga Arɗo, makiyayin da ke riƙe da shanuna a gefen dajin Kamuku, wanda muka yi wasan ƙasa tare. Ya zo da ƙwaryar kindirmo, ƙafarsa duk taɓo. Na karɓi ƙwaryar, na sa aka dama wa baƙi fura, shi kuwa na nuna masa tabarma a bakin ƙofa. Ko gabatar da shi ban yi ba.

Allah da ikonsa, fim ya kai inda wani makiyayin tumaki ya kawo wa ƙanensa attajiri cuku daga ƙauye. Ƙanen ya karɓa ya jera wa manyan baƙi, ya tura yayansa kicin. Na fara kame-kame wajen fassara.

Arɗo ya ce, "Malam, huta. Wannan ba sai ka fassara ba, na ji shi sarai."

Alhazai suka tuntsire da dariya, sannan suka dubi ludayin da ke hannunsu suka daina. Arɗo bai dube ni ba, allon yake kallo. Ya ce, "Wanda ya tsara wannan ya zauna da makiyaya. Dubi yadda ya saɓa sanda. Har Turawa ma ashe?" Sai ya jawo takalmansa.

Na san in ya fita ƙofar nan, shanuna za su ci gaba da ƙiba, amma abota ta mutu. Na miƙe na riƙe hannunsa, na ce, "Arɗo, don Allah hau kujerata."

Ya ce, "Kujerarka ciwon baya take sa ni."

Babban Alhaji ya tattare rigarsa ya ce, "To mu sai mu sauko." Haka muka ƙarasa kallon a ƙasa, Arɗo yana yi mana bayanin tumaki, ni mai yare na koma ɗan kallo.

Shekara da shekaru ina yaba wa Girkawa don sun mutunta talaka a fim, ina yi wa attajiransu dariya, ban taɓa zaton ni ake nufi ba. Tun ranar na gane cewa in barkwanci ya ba ka dariya, ka fara duba ko wane ne kai a cikinsa.