Ranar da Aka Tambayi Mahaifiyata ko Ni Ɗanta Ne

Shekarun baya sosai ne wannan, zamanin Turawa, ina ƙarami. Wani abu na tuna, wani kuma ji na yi, don haka ba zan rantse a kan komai ba.

Mahaifina mutumin Boɗinga ne, amma yana aikin hanya a Ƙonni, ƙasar Faransa. Ni ne ɗan fari, tun yaye aka bar ni wurin kakata a Shagari. Can ƙarshen mulkinsu, in ban yi kuskure ba, Faransawa suka fara ba ma'aikata kuɗin iyali a kan kowane yaro, amma sai wanda ke zaune a ɓangarensu. Ƙannena suna ciki, ni da ke ƙasar Ingilishi ba na ciki. Wata shekara gero bai yi ba, sai mahaifina ya aiko a kai ni Ƙonni a rubuta ni. Kakata ta ce ashe yanzu jika ma haraji yake biya, ta ɗaure mini tufafi ba ta ko dube ni ba. Na san in aka rubuta ni, na bar Shagari ke nan.

A ofishin Faransawa, Baturen da ke rubuta yara ya ce tunda ba a can aka haife ni ba, sai uwa ta shaida da bakinta. Tafinta ya juyo ya ce, "Uwar gida, wanga yaro ɗanki na?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. A wurinmu mace ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗa. Tafintan ya san haka, ya roƙe ta a hankali ta ce i kawai, ba wanda zai kai labari Shagari. Mahaifina ma yana kallon rufi, kunyar ta shafe shi.

Da aka matsa mata, ta ce, "Na tsohuwa na."

Bature ya ɗauki maganar yadda aka fassara masa, wai ni ɗan tsohuwa ne, ya ƙi rubuta ni. Kafin kasuwa ta zagayo ina Shagari, kakata tana tsokanata wai ko Nasara ya ƙi sayena.

Na yi karatu, na yi ta auna abin, har yau ban tabbatar ko kunya ce kawai ba, ko ta zaɓi kada a raba ni da tsohuwar. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma da ba za ta amsa ba. Wanda ya san yadda dokar take, ko ya ji labarin daga bakin wani daban, don Allah ya gyara mini.