Fuskar Faifan da Mai Tabarau Bai Juya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokinmu kuma babbanmu, wanda duk layin ya sani da Mai Tabarau. Ya cika a kan kujerarsa ta shago, yana gyara wa wani dattijo ƙafar tabarau. Dattijon ya ce ya ɗauka gyangyaɗi ne, har ya zauna shiru yana jira ya farka.

Na jinkirta wannan ta'aziyya da gangan, abokina, domin akwai abin da ya faru bayanka wanda ban san yadda zan faɗe shi ba. Har yanzu ban sani ba, amma zan faɗa yadda ya zo.

Mu huɗu ne muka rage cikin masu taruwa a ɗakinka na bayan shago kowace Asabar bayan la'asar, don sauraron kiɗan jaz: kai, da ni, da Tela, da Akawu. Matanmu sun daɗe da yanke mana hukunci cewa tsofaffi ne masu sauraron hayaniya. Kai kuwa sai ka saki labule, ka goge allurar garmaho da ɗan burushinka, ka dubi mutum ta saman gilashi ka ce, “To, me kunnenka ya ci a makon nan?” Dole kowa ya zo da amsa. Akawu ya kan zo da sabbin makaɗa a waya, yara masu busa ƙaho kamar ana binsu da gudu. Kana saurara har ƙarshe, sannan ka ce yaron yana da huhu, saura ya koyi yin shiru. Makon ƙarshe da muka zauna, wata mai fiyano ka sa mana, wadda ke kaɗawa a hankali kamar mai tafiya a ɗakin mara lafiya.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Ba ka iya ganin tabarau a karkace a fuskar mutum ka ƙyale, ko a wajen jana'iza ne sai ka miƙa hannu. Lokacin da idon mahaifiyata ya yi rauni kuma ta ƙi zuwa asibiti, kai ka ɗauko akwatin gwajinka ka zo har gida, ka durƙusa gabanta kana sauya gilashi har ta gane fuskar jikarta. Da matar Tela ta kwanta jinya, ba ka cika shi da nasiha ba. Kullum kana zuwa shagonsa ka zauna a gefen keke, yana ɗinki kana shiru, har Allah ya ba ta lafiya.

Dokar ɗakinka ce duk wanda ya shigo sabo sai ya ba da labarin faifansa na farko. Tela ya sayi nasa ne saboda kwat ɗin mutumin da ke jikin kwalin, yana son ya kwaikwayi yankan. Nawa a kasuwar tsofaffin kaya na samo shi, na bar shi a taga, rana ta lanƙwasa shi kafin in san darajarsa, kuma ba ka daina yi mini dariya a kan haka ba. Naka labarin ne kaɗai ba a dariya. Yayanka ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ya zo hutu da faifai ɗaya a cikin takarda mara rubutu, ruwa ya cinye tambarin tsakiyarsa, ba sunan makaɗi ba sunan kiɗa. Kun saurari fuska ɗaya tare, sai aka aiko ana kiransa bakin aiki. Yana ɗaure takalmi ya ce maka, “Kada ka juya shi sai na dawo.” Jirgin ya tafi, ba a sake jin labarinsa ba. Daga ƙuruciyarka har furfura, fuskar farko kawai kake sawa. In ta ƙare ka ɗaga allura, ka mayar da shi takardarsa. Mun yi maka tsiya, mun roƙe ka, ba ka taɓa juyawa ba.

Bayan an share makoki, babban ɗanka ya same ni a gida, fuskarsa ba daɗi. Ya ce mahaifiyarsa Hajiya, wadda ke zaune a saman shagon, tana cewa duk Asabar bayan la'asar tana jin kiɗa daga ɗakin ƙasa, alhali ɗakin a kulle yake kuma mabuɗin yana aljihunsa. Ya saurara da kansa bai ji komai ba. Shi da ƙannensa sun yanke shawara cewa kaɗaici ya taɓa mata hankali. Da ta fita takaba za su kai ta wajen likita, su ɗauke ta daga gidan, su sayar da shi. Ita kuwa a gidan ta yi amarci, a nan ta haife su duka, ta ce ba inda za ta.

Muka je gaishe ta mu uku. Ba ta yi kuka ba, kuma an ce tun rasuwarka ba ta yi ba. Daga bakin ƙofa ta ce mini, “Malam, kun fi kowa sanin kayansa. Ku saurara, ku faɗa mini gaskiya, ko kaina ne ya kwance.” Sai ta rufe baki ta rera. Matar da ba ta taɓa zama da mu ba, wadda take cewa kiɗanmu ciwon kai yake sa mata, ta rera wani sauti mai sauka a hankali, ya tsaya cak a inda ba a zato, sannan ya ɗauka daga sama. Jaz ne, ba shakka. Amma mun san kowane faifai a ɗakin nan kamar yadda muka san 'ya'yanmu, kuma ba wanda ya taɓa jin wannan.

A kan matakala Tela ya tsaya, ya ce a hankali, “Akwai fuska ɗaya a ɗakin da ba mu taɓa ji ba.” Shi ya faɗa, kuma shi ya fi kowa ƙin a taɓa. Ya ce amanar da mutum ya riƙe tsawon rayuwa ba mu za mu karya ta ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na fahimce shi. Amma kai ka tafi inda faifai ba ya amfani, ita kuma ana shirin raba ta da gidanta da mutuncinta. Na san wanda za ka zaɓa.

Asabar ta gaba ɗanka ya buɗe ɗakin. Rana tana shigowa ta gefen labule, burushinka yana inda ka ajiye shi, kujerarka ba wanda ya yarda ya zauna a kai. Hajiya ta zauna a matakala ta sake rera sautin don ɗanta ya riƙe shi a kunne. Na zaro faifan. Fuskar farko ta yi fari-fari don sawa, ta biyun baƙa wul tana sheƙi. Na juya shi.

Ba ƙara ko kaɗan, allurar ta shiga sumul. Ƙaho ya fara, yana sauka a hankali. Ya tsaya cak. A cikin shirun nan Hajiya ta ɗauka daga sama, ita ta riga shi, sannan ƙahon ya biyo ta daidai. Ɗanka ya jingina da bango. Ba wanda ya dubi kujerarka, kuma na lura duk mun matsa nesa da ita.

Akawu ya ce wataƙila a ƙarshen rayuwarka ka gaji da jira, ka sa shi kai kaɗai, ta ji daga sama ta manta. Mai yiwuwa ne. Ni musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa goge allura. Ba ni da wani bayani, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Abin da na iya faɗa wa ɗanka kawai shi ne mahaifiyarsa ba ƙirƙirar sautin ta yi ba. Ya durƙusa ya nemi gafararta, maganar sayar da gida ta mutu a wurin.

Mako na zagayowa na koma dubo ta, ina zaton zan tarar da ita cikin sauƙi. Na same ta a matakala, ta kasa kunne. Ta ce, “Malam, tun da kuka juya shi ban sake ji ba. Na zauna tun la'asar. Babu kowa a ƙasa.” A nan ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da kai. Mun cece mata gidan, amma mu muka mayar mata da shi kango, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mai Tabarau, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa kamar yadda ya haskaka idanun bayinka. Ka jiƙan yayansa a duk inda ruwa ya ajiye shi. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Tela da Akawu, ga 'ya'yansa da jikokinsa da dukan dangi. Ga Hajiya kuwa, Allah ya ba ta haƙurin da ya fi namu, ya zame mata abokin zama a kowace la'asar da gidan zai yi shiru. Amin.