Injin Habibu da Barcin Inde

Ranar Talatar ƙarshe da Habibu ya yi lafiya lau, uwarsa Inde ta yi masa faɗa sau huɗu. Ƙarfe shida ya tada injin niƙansa, wanda ke jingine da bangon ɗakinta, ta ce ko lazimi ba ya bari mutum ya gama. Ƙarfe tara ta kai masa koko, ta ce ya rame. Ƙarfe biyu, lokacin hutunta, ta leƙa ta taga ta shaida masa shi ne ajalinta. Ƙarfe biyar ya shigo fari fat da gari, ta ce ya kakkaɓe a waje.

Shekara goma sha ɗaya tana gaya wa duk Madarounfa cewa tun da injin nan ya zo ba ta runtsa ba. Matan da ke kawo niƙa kuwa suna jin minsharinta ta bango, ba mai tankawa.

Laraba zazzaɓi ya kama Habibu. Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Inji ya yi shiru, barci kuma ya ƙi Inde. Ta sha rubutu. Ta sha ƙwayar da lokotoron asibiti ya ba ta, ta kwana tana jin kaji na juyi a akurki. Da rana sai ta zauna tana kallon bango, ta zuba gishiri a koko, ta amsa sallamar da ba a yi ba.

Wata rana garin tuwo ya ƙare, ta ɗauki hatsi zuwa injin da ke hanyar tafki. Ta zauna a benci jiran layi. Sai la'asar ta farka, kallabinta duk gari, mata sun jera kwanoninsu sun kewaye ta don kada su tashe ta. Ba ta gaya wa kowa ba. Daga ranar kullum sai ta raba tiya ɗaya gida bakwai ta tafi niƙa. Sadiya, matar marigayin, ta ga gari ya cika kowace tukunya, ta gane.

Bayan sadakar arba'in, Illo ƙanen Inde ya zo da wani mutumin garin Gabi mai son sayen injin, har da amalanke a ƙofar gida.

"Yaya, yau Allah ya yanke maki wahala," in ji Illo. "Za ki yi barci."

Inde ta dubi injin, ta dubi ƙasa. Duk garin nan ya ji abin da ta daɗe tana faɗa, yanzu da wane baki za ta janye? Ta ce ƙila mutumin bai iya tada shi ba. Ta ce hanyar Gabi ba kyau. Mutumin ya fara kwance ƙusa.

"A bar shi inda Habibu ya bar shi," ta ce a hankali.

Daga bayan labule Sadiya ta ce injin na marayu ne, kuma in ta fita takaba ita za ta riƙa tada shi. Mutumin Gabi ya koma da amalankensa wayam.

Rigunan Habibu an yi sadaka da su. Illo ya ɗauki wayar marigayin. Hular aikinsa, wadda gari ya daskare a kanta, Inde ta hana a wanke, tana ƙarƙashin matashinta. Tun da Sadiya ta fita takaba, injin na tashi ƙarfe biyu daidai. Da la'asar Inde takan farka, ta leƙa ta taga, ta ce wa Sadiya yau ma ba ta runtsa ba.