Damata da Faifan Gaɓa Biyu

Tun tana yarinya a Aboabo, cikin Zangon Kumasi, Damata Abdul-Majeed ba ta san zama wuri ɗaya ba. Ta koyi ɗinki ta bari, ta yi tallan waakye, wato shinkafa da wake, a tasha ta bari. A 2010 ta sauka Dubai, ta sami aikin gyaran ɗakuna a wani otal na Port Saeed, wanda tagoginsa ke kallon jiragen katako da ake yi wa lodi a bakin ruwa. Abu ɗaya ne bai taɓa gundurarta ba, wato jitar da ta zo da ita naɗe cikin zane.

Bayan shekara biyu ƙanwarta Sadia ta biyo ta, ta kama aiki a shagon jakunkuna a unguwar Naif. Ranar Juma'a, in sun sami hutu tare, Damata kan kaɗa jita, Sadia ta rera waƙoƙin daka da na niƙa da suka koya a bakin kakarsu. A wajen sunan ɗan wani Bazango ne Gidaɗo ya ji su. Mutumin Yola ne, injiniyan sauti a wani kamfanin talla, kuma ya ce situdiyonsu ba kowa a ciki ranar Juma'a da rana, maigidansa ma ya yarda.

Juma'a bakwai suka yi suna zuwa. Gidaɗo ya kawo wani ɗan Filipin mai ganguna, ya miƙa wa Damata jita mai lantarki, sai tsofaffin waƙoƙin suka fito da amo irin na kiɗan rok na Turawa. Waƙa tara suka ɗauka, suka sa wa faifan suna Gaɓa Biyu, ya fita a ƙarshen 2013.

Daga nan barci da abinci suka rage wa Damata daɗi. Wata mujallar Dubai ta ba su tauraro uku cikin biyar, ta ce kiɗan ya kasa zaɓa tsakanin ƙauye da birni. A wani gidan rediyo na Kumasi masu kiran waya suka rabu biyu, wasu na cewa an raya waƙoƙin iyaye, wasu na cewa an sa musu wando. Amma wanda ya tsaya mata a rai wani marubuci ne a Accra. Ya yabi muryar Sadia har ya gaji, sannan ya ce jitar yayar kullum tana gaba da waƙa, kamar mai bin trotro, motar haya, da gudu.

Ta karanta layin nan a lif, ta karanta a ɗakin wanki. Tana shimfiɗa zanin gado tana buga ƙafa a ƙasa, tana ƙirga bugun waƙa ta huɗu. Lokacin cin abinci sai ta fita bakin ruwa da abin sauraro a kunne, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Sau uku ta rubuta wa mutumin amsa, sau uku ta goge. Ta matsa wa Gidaɗo a sake ɗaukar faifan, ya ce mata khalas, shi ke nan, abin da ya fita ya fita.

Da sanyi ya shigo, ƙungiyar 'yan Zango ta shirya fita shan iska Hatta, can cikin duwatsu. Ana ta raba shinkafa a gefen dam, Damata kuwa ta hau dutse ta sauko, ta kasa zama a tabarma. Sadia ta bi ta ta riƙe mata hannu.

"Yaya, mutumin nan yabo ya cika shafi da shi. Layi ɗaya ne kike ta taunawa wata biyu."

"Da ƙarya ya yi, da tuni na manta," in ji Damata. "Na saurara, Sadia. Ina janki. Kina so ki ja numfashi, ni kuma na riga na wuce."

Sadia ta ce ita ma ta lura tun a situdiyo, ta dai ga ba za ta iya faɗa wa yayarta ba. Wannan ya fi maganar marubucin ciwo.

Sun ci gaba da waƙa a bukukuwan 'yan Zango, kuma faifan ya ɗan karɓu a wajen 'yan kasuwar da ke zuwa sari. Amma da kwantiraginta na otal ya ƙare a 2015, Damata ta ƙi sabuntawa. Ta ji labarin wani tsoho mai molo a Tamale da kan sa ɗalibi ya yi wata guda yana tafi kawai kafin ya taɓa tsirkiya, ta ce can za ta.

Sadia ta zauna a Naif, ta auri Mukaila, mai haɗa wa 'yan kasuwa kayan da za a aika gida. Ita ta raka yayarta filin jirgi, ta tambaye ta ko za ta iya jure wata guda tana tafi. Damata ta ce ba ta sani ba. Mako uku ta yi tana tafi a Tamale, ta gaji ta wuce Bolgatanga, sannan ta dawo wurin tsohon ta roƙe shi ya bari ta fara daga farko, ya yarda.