Kifin da Ya Ƙi Cin Abinci

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana a gadon asibiti bayan jinyar mako uku. Na zauna in rubuta ta'aziyya da hawaye, sai na tarar duk abin da na tuna game da kai, Yaya, dariya yake ba ni. Ka yafe mini, haka ka saba mana.

Mutane sun san ka da gyaran famfo. Akwai gidajen da ka ja wa ruwa ba ka karɓi komai ba sai addu'a, kuma sun zo gaisuwa sun faɗa da bakinsu. Mu kuwa na gida mun san ka da kifi. Akwatunan gilashi bakwai ka jera a falo, injin iska na ta gurnani, har baƙo kan rasa inda zai ajiye ƙafa saboda tiyo da bokitai. Matarka ta yi shekara talatin tana mita, tana cewa ita kaɗai ce a gidan ba a auna wa zafin ruwan wanka. Ni kuma, autarku, nakan ce ai dangin karfasa ne kawai suka sha kwalliya, ko cokali ba za su cika ba. Ba ka taɓa jin haushi ba. Sai ka ja ni gaban gilashi, ka yi mini bayanin awa guda a matsayin hukunci.

A cikinsu akwai wasu shuɗaye guda biyu, mace da namiji, 'yan asalin wani tafki mai nisa. Ka ce irinsu ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma duk masu kiwon da ka sani nasu sun mutu. Macen ka sa mata Gimbiya. Shekara huɗu kana jiran su hayayyafa, kana canza duwatsu, kana auna ruwa, su kuwa ko a jikinsu. Namijin ya fara tsufa, kuma ka san idan ya tafi, irin ya yanke a hannunka.

Da aka kwantar da kai, ni ka bar wa amanarsu. Kwana biyu da tafiyarka asibiti na ga Gimbiya ta maƙale bayan dutse, haɓarta ta kumbura, abinci na wucewa ta gaban hancinta ba ta kulawa. Hankalina ya tashi. Na yanke cewa tsakuwa ta haɗiye, na ɗauko raga da tsinken sakace zan ciro mata. Allah Ya taimake ni na fara kiran ka.

"Yaya, Gimbiya ta shaƙe da tsakuwa, yanzu zan yi mata aiki."

Sai ka fashe da dariya har na ji nas tana yi maka faɗa.

"Auta, ajiye ragar nan! Ƙwai ne a bakinta. Haka suke raino, a baki, ba ci har mako uku. In kika firgita ta, haɗiye su za ta yi. Ki rufe gilashin da zane, ki daina tafiyar nan taki kamar mai kashe gobara."

Ban taɓa jin murna a muryar mara lafiya irin ta ranar ba. Daga nan falonka ya koma ɗakin mai jego. Aka kashe talabijin, aka hana jikoki guje-guje, matarka mai mita da kanta ta koma tafiya da sanɗa tana harara duk wanda ya yi tari. Kullum muka je duba ka, kafin mu tambayi jikinka ka riga ka tambaye mu haɓar Gimbiya. Likita ma sai da ya san kwana nawa ya rage.

Saura kwana biyu lissafinka ya cika ka rasu. Gida ya cika da jama'a, kuma na ji tsoron hayaniya za ta ɓata abin da ka jira shekara huɗu. Matarka tana cikin kuka ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta kulle falon, ta riƙe makullin.

Ranar Juma'a da safe ta kira ni. Ta ɗaga zanen, sai ga 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar shinkafa suna shawagi a gindin dutse, uwar ta rame tana gadin su. Muka ƙirga sau uku, goma sha tara. Muka rungume juna muna dariya kamar yara. Can ta sake ni, ta dubi kujerarka, ta ce, "Auta, to wa zai gaya masa?"

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ga matarka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da abokan kiwonka, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.