Ranar da Jan Shamiz Ya Ƙare a Biro

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan manta da wata Talatar ƙarshen Janairu ba, ranar da na tsinci kaina tsakanin kwalaye a ɗakin arshib, ni da rabin ma'aikatan biro ɗinmu, wato ofis. Ku ƴan matan da kuka fara aiki bana, kuna ganina da furfura da gilashi kuna cewa Tanti Rifkatu mai hikima. To, ku gyara zama ku ji inda na samo hikimar. Ita ma a kan bashi na ɗauke ta.

Lokacin ina sakatera a wani biro a Filato, nan Yamai. Aikina kuriye: duk wasiƙar da ta shigo ni ke karɓa, in buga mata hatimi, in ba ta lamba a rajista, in sa ta cikin shamiz, wato kwalin nan mai naɗewa da ake zuba takardu. Shuɗi na aikin yau da kullum ne, ja kuwa na gaggawa. Sama da ni akwai Shef Isufu, shugaban ma'aikata, mutumin Tawa, wanda idan ya yi murmushi sai an shigar da abin a rajista don tarihi. Ƙasa da ni akwai Lidiya, ɗiya daga Maradi, mai buga takardu. Ni da ita kaɗai ne Kirista a ginin. Sai Baba Hamani, falanto, wato mai kai takardu daga tebur zuwa tebur, tsohon Zabarma da ake cewa an same shi zaune a wurin, sannan aka gina biro kewaye da shi.

Yanzu ga ciwona. A majami'armu ta Bukoki ina cikin manyan zumuntar mata, ni ke ba da koyarwa kan riƙon gida. Mu kuwa ba ma yin komai sai da anko. Aure anko, suna anko, Kirsimeti anko, ko fanka aka saya wa majami'a sai mun fitar da atamfa. Mai koyar da riƙon gida za ta zo da tsohon zane? Allah ya kiyaye. Sai ga Hajiya Mariyama, ƴar Damagaram, mai yawo biro-biro da atamfa da bazin, bakinta kamar zuma.

"Ɗauki, Madam. Sai wata ya mutu."

Wata ya yi ta mutuwa, bashi kuwa yana ƙara lafiya. Kafin in farga ya kai jikka ɗari da tamanin, wato sefa dubu ɗari da tamanin. Maigidana Dauda bai sani ba. Duk sabon zanen da ya gani sai in ce, "Wannan? Ai tsoho ne, ba ka lura ne."

Ba kuɗin ne kaɗai ke hana ni barci ba, kunya ce. Ina ganin ranar da aka ji a biro, za a ce ga Kiristar tasu mai yawan addu'a. Ranar da aka ji a majami'a kuwa, sai dai in koma ƙauye in kama kiwon zabi. Kuma ni ce na zaunar da Lidiya a makonta na farko, na ɗaga yatsa na ce, "Ɗiyata, macen kirki ba ta cin bashi. Abin da albashinki bai saya ba, ba naki ba ne." Na faɗa ina sanye da bazin ɗin Hajiya daga kai har ƙafa.

Baba Hamani ne ya fara gano ni. Wata rana ya aje jan shamiz a gabana. Na buɗe, babu ko takarda ɗaya a ciki. Ya sunkuyo ya ce, "Na arshib ne, Madam. Gaggawa. Baƙuwarki tana ƙofa." Arshib shi ne ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, can bayan gini, inda ko ɓera sai ya ɗaura ƙyalle a hanci kafin ya shiga. Na ɗauki shamiz na tafi kamar mai babban aiki, shi kuma ya ce wa Hajiya na fita. Tun daga ranar muka ɗaure a haka. Ina ba shi na goro, yana ce mini, "Sirri ne, Madam. Ni da ke da Allah."

Wata huɗu muna wannan wasa. Sai Hajiya ta bar mini saƙo wurinsa: in wannan makon ma ba ta gan ni ba, ranar Lahadi za ta je Bukoki da kanta ta nemi matar fasto.

Na sa rai ga albashi. To, wannan watan albashin ya makara, bai faɗa banki ba. Ranar Talata da hantsi na leƙa taga, sai na ga bencin da ke ƙarƙashin dogon yaro a bakin ƙofa ya cika maƙil: mai rago, makanike, mai shinkafa, wasu ma ban san sana'arsu ba. Hajiya na tsakiya da ƙullin kayanta. Ni kuma, don shaiɗan ba ya hutu, ranar na sa ankon Ista wanda ko dala ban biya a kansa ba.

Jan shamiz ya sauka a teburina. Na sheƙa arshib.

Ina tura ƙofa sai na ji tari. Abdu direba ne zaune kan kwali, jan shamiz a cinyarsa. Gefensa kontabul, mai lissafin kuɗin biro, shi ma da nasa. Can ciki wasu uku suna duba shelf da himma, kowa da ja a hammata. Muka kalli juna. Ba wanda ya gaisa. Kowa ya ɗauka sirrin nasa ne shi da Baba Hamani da Allah, ashe Allah kaɗai ne bai karɓi na goro ba.

Ba mu gama haɗiye wannan ba, ƙofa ta sake buɗewa. Shef Isufu! Hannunsa riƙe da shamiz shuɗi, an rubuta "ja" a kai da alƙalamin bik. Jajayen sun ƙare.

Ya ɗaure fuska ya ce, "Me kuke yi a nan lokacin aiki?"

Abdu ya miƙe da ladabi. "Dosiyen wasu takardu muke nema, Shef."

"Wane dosiye?"

"Irin wanda kake nema, Shef. Naka mai ƙaho ne, tun na Layyar bara."

Shef ya jawo kwali ya zauna. Kontabul ya matsa masa.

Ni dai na lallaɓa bayan shelf na ƙarshe don in ɓoye fuskata. A can na taka ƙafar mutum. Lidiya ce, a tsugune, ta rungume jan shamiz, idanunta sun yi jawur. Tana ganina ta fashe da kuka ƙasa-ƙasa.

"Tanti, ki gafarce ni. Babata ce ta kwanta asibiti, na karɓi kuɗi wurin mai shinkafa. Wata uku ke nan. Sau nawa na zo teburinki zan faɗa miki, sai in tuna abin da kika ce. Ke dai aiki ya kawo ki, ni kuwa ɓuya nake. Don Allah kar zumunta ta ji."

Kun ji? Yarinyar nan ta ga shamiz a hannuna, ta ga Shef kan kwali, amma zuciyarta ta ƙi yarda cewa ni ma ɓuya nake. Ƙofar ƙarya a buɗe take. Da na ce, "To, kar ki ƙara," da na fita da rawanina. Amma sai na ga wata uku tana ɗauke da ciwon uwa ita kaɗai, don wa'azin da na yi mata cikin kayan bashi. Ita magani ta saya. Ni fure-furen atamfa.

Na buɗe shamiz ɗina na nuna mata. Wayam.

Ta dubi kwalin, ta dube ni. "Tanti?"

"Jikka ɗari da tamanin, ɗiyata. Har wannan da ke jikina. In Hajiya ta ce a mayar mata da kayanta yanzu, da shamiz ɗin nan zan rufe jiki in koma gida."

Dariya ta ƙwace mata cikin hawaye, har da majina. Na kama hannunta na ce ta tashi. Abdu ya ce, "Madam, ina za ki? Ba a ba da izinin fita ba!" Shef kuwa yana ta karanta wata takarda da ya riƙe kai ƙasa.

Daga arshib zuwa bakin ƙofa taku hamsin ne. Ranar na yi shi kamar daga nan zuwa Agadas a ƙafa. Na tsaya gaban benci. Hajiya ta dube ni daga ɗankwali har takalmi.

"Madam, kayan nan sun karɓe ki. Wa ya sayar miki?"

"Wata baiwar Allah ce, Hajiya, da nake guje wa wata huɗu. Ba na fita ko'ina. Arshib nake shiga. Kuɗinki ba ni da su yau, ba ni da su gobe, kuma kunya ce ta hana ni faɗa."

Sai benci duka ya kwashe da dariya. Mai rago har da buga ƙafa.

Hajiya ta ce, "Arshib? Ai mun sani! Da mun ga tsoho ya ɗauki ja, sai mu ce alhamdulillahi, mutuminmu ya zo aiki. Ranar da bai ɗauka ba ne muke tashi da wuri."

Na juya ga Baba Hamani. Yana tauna goro, kuma na rantse ba goron kuɗina ba ne. Ya ɗaga hannu. "Kala suru, Madam, yi haƙuri. Ni falanto ne. Saƙon kowa nake kaiwa."

Na shigar da Hajiya ciki, na ba ta kujerata, na kawo ruwan sanyi. Nan ta daina dariya. Ta ce, "Madam, ni ma kayan nan bashi nake ɗaukowa a kasuwa. Da kin ce mini babu, da na san abin da zan faɗa wa Alhajin da ke bina. Kuɗin taksin da na kashe ina zuwa kallon ƙofarki ya isa turmi biyu. Kina tsammani ina son zuwa wurin ibadarku in tozarta ki? Wallahi kwana na yi ina roƙon Allah ki fito."

Muka yi magana ta manya: jikka goma sha biyar duk wata, kuma ba sabon zane har sai an gama. Na rubuta, muka sa hannu, na saka takardar cikin jan shamiz. Ranar ya fara ɗaukar takarda. Lidiya ma ta fita ta sami mai shinkafa. Bayan azahar aka ga Shef a ƙarƙashin dogon yaro shi da mai rago, suna lissafi da yatsu.

Da yamma na faɗa wa Dauda, ina jiran aradu. Bai ko aje cokali ba. "Na sani. Akwatinki ya daina rufuwa tun Ista. Jira nake ki gaji."

Ranar Lahadi, bayan sujada, ni ke da koyarwa a zumunta. Na aje takardar da na shirya, na ba su labarin nan kamar yadda na ba ku. Sai matar fasto ta gyara ɗankwali ta ce a hankali, "Hajiya Mariyama? Doguwa, mai haƙorin Makka?"

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, wasu kuma suna share ido. Ashe da Hajiya ta zo, da ba ta san wadda za ta fara gaisarwa ba, don da yawanmu take bi bashi. Ranar muka yanke anko sau ɗaya a shekara, kuma duk wadda ciwo ko makarantar ƴaƴa ta matse, ta faɗa tun da wuri a taimaka. Na gama biya cikin shekara ɗaya. Har yau in mun haɗu Hajiya na cewa na kashe mata kasuwar Bukoki.

Abin da na koya, aikin kuriye ya daɗe yana faɗa mini, ban ji ba. Wasiƙar da kika tura ƙarƙashin tari ba ta mutuwa, dawowa take da tunatarwa, kuma da kwafi zuwa ga manya. Mutanen biro kuwa, daga shef har direba, kowa na da abin da ke jiransa a benci, sai dai wani ya fi wani iya ɗaure fuska. Don haka in abu ya matse ku, ku zo teburina ku faɗa. Ba zan ɗaga muku yatsa ba. Jan shamiz ɗin yana nan cikin durowata, zan buɗe muku shi ku karanta.