Filashin Uku Daga Kan Suri

Tun ina yaro an san ni da hannun jarirai, kuma ban taɓa musu ba. Shi ya sa da yayana ya bi ayarin masunta zuwa Gana, ni na ɗauki nauyin tsara yadda za mu riƙa jin juna ba tare da kamfanin waya ya sha guminmu ba. Lokacin waya ba ta daɗe da shigowa ƙauyenmu na bakin ruwa ba, can ƙasar Ngaski. A ƙauyen kaf tawa ce kaɗai, wata 'yar baƙa mai tocila a ka, na ɗaure bayanta da roba. Sabis sai an hau wani tsohon suri a bayan gonakin albasa, a ba ruwa baya, a ɗaga hannu sama. Caji kuwa sai an ba direban jirgin ruwa ya kai Yelwa.

Kiran Gana a lokacin wuta ne. Katin da zai yi maka mako kana kiran Kwantagora, idan Gana ce kafin ka gama gaisuwa ya ƙare. Ba dabarar da ban gwada ba. Wani mai sayar da man jirgi ya rantse mini idan aka sa waya cikin kwanon sha kuɗin ba ya gudu. Na sa, ya gudu, muryata kuma ta koma ta mai magana cikin rijiya. Wani ya ce in cire sifili ɗaya daga lambar, kamfani zai ɗauka kiran gida ne. Na cire, wata mata ta ɗauka ta wanke ni tas da Yarbanci. Saƙon rubutu ba a zancensa, don Yaya allo ya yi, bai yi boko ba.

Abin da ya rage shi ne filashin: ka kira, ta yi ƙara ɗaya, ka kashe kafin a ɗauka, ba ka biya ko sisi ba. Tun ranar da zai tafi na zaunar da shi na koya masa tsarin. Filashin ɗaya, muna lafiya. Biyu, ka kira mu. Uku, an yi rasuwa a gida. Na sa ya maimaita sau biyar, don ni malamin firamare ne, hali kuma zanen dutse. Inna tana gefe tana juya kifi a kan banda, ban ga dalilin sa ta cikin darasin ba.

Bayan wata shida matar Yaya ta haifi 'ya mace, ranar wata Alhamis. Baffa, ƙanen mahaifinmu marigayi, ya zo barka ya ce idan Alhamis ta zagayo ba a ji ta bakin uban ba, shi zai raɗa wa yarinya sunan mahaifiyarsa. Wato surukar Inna ke nan, wadda suka shekara talatin gida ɗaya ba su taɓa daidaitawa a kan gishirin miya ba. Yana fita Inna ta ce, “Na ɗauki matag ga bisa kai shekara talatin, yanzu kuma in goya ta ga baya? Sayo kati.”

Na sayo, zuciyata tana ƙuna. Da hantsin Juma'a muka hau suri, ni ina jan hannunta, tana faɗa da cinnaku. Na ce, “Inna, magana biyu kawai. An haihu, ina suna?” Ta ce ta ji. Yana ɗauka ta karɓe wayar.

To, Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, kuma har abada ba za ta ce tana kewarsa ba. Duk abin da ke ranta cikin gaisuwa take zuba shi.

“Ina kwana? Ina gajiya? Ina ruwa? To madalla. Ina kihi? Ina mai masaukinku? Da iyalinai? Kaka sanyin ruwa? Wanda ƙahwatai ta kumbura hwa, ya samu sauƙi?”

Ina tsalle a gabanta ina nuna mata yatsa biyu, ta juya mini baya. Shi ma can, maimakon ya taimake ni, sai ya shiga tambayar awaki. Ta buɗe baki ke nan za ta ce albishirinka, wata mata ta shigo da Turanci ta ce kuɗinmu ya ƙare. Inna ta gaishe ta ita ma. Na yi fushi ƙwarai ranar, har na ce ba zan ƙara sayen kati ba ko da sunan wa za a sa.

Asabar da Lahadi na yi ta gwada filashin biyu, ba ta shiga, alamar yana tsakiyar ruwa. Ranar Litinin na tafi makaranta na bar wayar ƙarƙashin matashi. Da na dawo na tarar da Inna tana fara'a, gefen zanenta duk jar ƙasar suri. Ashe ta lura da yadda nake danna koren maɓalli in danna ja.

Ta ce, “Ta shiga. Na yi mai sallama.”

Na ce, “Sau nawa, Inna?”

Ta dube ni kamar wanda bai taɓa zuwa makarantar allo ba. “Sau nawa aka yin sallama ƙohwar gida? Ukku. In ba a amsa ba ka komo.”

Na fizgi wayar zan ruga suri in aika guda ɗaya, sai na ga ta mutu. Inna ta kunna tocilar ta nemi allurarta a ƙarƙashin gado, ba ta san yadda ake kashewa ba. Sai Laraba wayar ta dawo daga Yelwa, na kira, tasa a kashe. Ban gaya wa kowa ba. Kunya da tsoro suka hana ni cin tuwo, Inna kuma ta ɗauka rowar katin ce ke cina.

Safiyar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza sun zauna, liman ya zo, hayaƙin manyan tukwane yana tashi daga ciki. Wanda ya hango daga nesa ba zai bambanta wannan da zaman makoki ba. Sai ga babur ya tsaya, Yaya ya sauko, ya rame, ba jaka, ba hula. Ya dubi taron, ya zube a ƙasa yana kuka irin na manya, wanda ba shi da daɗin ji.

“Inna ta, ko? An kai ta?”

Baffa yana gefe riƙe da igiyar rago. Sai ga Inna ta leƙo daga zaure da muciya a hannu. Yaya ya rarrafa ya kama gefen zanenta. Ta kau da kai ta dubi katanga, sannan ta ce, “Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina ruwa?” Ta bi gaisuwar nan tun daga kifi har mai kumburin ƙafa, ba wanda ya katse ta.

Ashe ya kira har ya gaji, da ya ji shiru ya sayar da komarsa ta kamun kifi da wayarsa ya hau mota. Da liman ya tambayi suna, Yaya bai dubi Baffa ba. Ya ce, “Kwana ukku ina bizne ta cikin mota, Allah ya maido min ita. Sunanta za a sa.” Baffa ya yi ƙunƙuni, amma ya ci naman ragon fiye da kowa. Ni kuwa aka ce in sayi sabuwar koma, tunda tsarina ne, kuma na saya. Ban taɓa ganin kira mai tsadar wannan na kyauta ba.

Inna ta goya takwararta, ta yaye ta, har ta ga ta shiga ajina. Lokacin da Inna ta rasu Yaya yana Gana. Ban yi filashin ba. Na sayi kati mafi girma da ke shagon, na hau surin, ya ɗauka. Na ce ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ina kifi, ina mai masaukinku. Ya san ni, ya san ban taɓa ɓata kati a kan gaisuwa ba. Kafin in kai kan sanyin ruwa na ji ya fara salati.